Jibo Mai Shela da Faifan Sakin Gona

Jibo taubashina ne, uwarsa ƙanwar ubana ce, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ba mai kai ni ƙara. Tun muna yara nake tsokanarsa yana ramawa, kuma kullum shi ke da nasara, don ba a cacar baki da mutumin da in ya yi tari a gabas da gari ake yi masa sannu daga yamma. Ni goro nake sayarwa. Shi kuwa murya ce jarinsa.

Shi ne mai shelar garinmu, wani ƙauye da ke kan hanyar Dungas in ka baro Magariya. Aikin gado ne. Ubansa ya yi, kakansa ya yi, ganga ɗaya ce ma suka yi ta miƙa wa juna, fata kawai ake sauya mata. In akuya ta ɓata, Jibo. In masu allurar rigakafi za su zo, Jibo. In mai gari yana neman gayyar yashe rijiya, Jibo ne zai rataya ganga ya bi unguwa-unguwa, ya buga, ya tsaya, ya cika ƙirji. Bai yi lakkwal ba, wato makarantar boko, ko sunansa ba ya iya rubutawa, amma yana da wata doka da ya gada wadda ta sha ba ni haushi: ba ya shelar abin da bai ji daga bakin mai saƙon ba. Ko ɗan mai gari aka aiko, sai ya taka ya je ya durƙusa, a faɗa masa, ya maimaita, a ce haka ne, sannan ya fita. Ina ce masa taurin kai ne. Amma dai a ƙasarmu, daga gari har rugage, in gardama ta yi tsawo aka ce Jibo ne ya faɗa, kowa sai ya kama harkar gabansa.

Duk shekara akwai shela guda da ta fi sauran nauyi, ita ce ta sakin gona. In an girbe hatsi, an roro wake, an cire gyaɗa, hukuma tana tsai da ranar da za a sakar wa makiyaya gonaki su shigo da shanu su ci kara da harawa. Kafin ranar, in saniya ta taka gona, ta ɓaci. Bayan ranar, manomin da ya bar wakensa a fili shi ya so. Mun ga abin da kuskuren kwana guda ya jawo a wasu garuruwa, ba na son in faɗa. A garinmu ranar Talata ake yin wannan shela, ranar kasuwa, lokacin da Fulani suka cika kara, wato kasuwar dabbobi, da shanunsu, matansu kuma suka jera ƙwaryar nono.

To, daminar bara muryar Jibo ta fara dishewa. Da farko dariya na yi, na ce Allah ya ji kukan kunnuwanmu. Aka ce mura ce, ya sha citta, ya sha kanumfari, ya sha rubutu. Kaka ta shigo, abin sai gaba yake yi. Dokotoro a Magariya ya leƙa maƙogwaronsa ya ce wani abu ne ya tsiro a ciki, sai an je Damagaram, kuma ya daina ɗaga murya. Ka ce wa mai shela ya daina ɗaga murya! Daga nan ban ƙara yi masa dariyar abin ba. Da sassafe, in ya sha ruwan ɗumi da zuma, muryar takan leƙo kaɗan, kafin hantsi ta koma. Sauran yini sai raɗa, sai ka kai kunnenka bakinsa.

A lokacin ne Sule ya fara shawagi. Sule ɗan kabu-kabu ne, ba mugu ba ne, amma ya sayo wata lasifikar hannu mai batir a tsallaken iyaka, yana ta yi wa mutane shelar suna da ta ɗaurin aure a kan babur, da gudu, rabin maganar iska ta kwashe. Mai gari ya yi haƙuri iya haƙuri. Amma da hukuma ta aiko cewa Asabar za a saki gonaki, ya kira Jibo, ni na raka shi. Ya faɗa masa ranar, Jibo ya maimaita a raɗe. Sannan mai gari ya sunkuyar da kai ya ce, "Jibo, gidanku da gidanmu ba yau ba. Amma sakin gona ba cigiyar akuya ba ce. In Talata aka ji shelar da muryarka, aikinka ne, har Allah ya ba ka lafiya. In ba a ji ba, Sule zai yi, kuma in ya yi, ya riƙe ke nan."

Dabarar tawa ce, kuma har gobe ina cewa dabara ce mai kyau. Muttaƙa direba, wanda ke jigilar 'yan kasuwa tsakanin Magariya da Dungas da Sassumbrum, yana da wata ƙatuwar lasifika ɗaure a saman motarsa tun lokacin kamfen, an haɗa ta da rediyon motar. Na ce mu ɗauki muryar Jibo a wayata da safe, mu sa a motar, ta zagaya kasuwa. Murya ai tasa ce. Muttaƙa ya ce ba komai, Baba Jibo ne ya yi shelar aurensa. Sai dai rediyon nasa tsoho ne, ba shi da ramin kile, ɗan tsinken nan da ake zuba waƙa a ciki, ba ya cin memori, ba ya jin waya. Faifai kaɗai yake ci, wanda suke ce wa sede. Na ce ai wannan ƙaramin abu ne. Bakina ke nan da ya faɗi haka.

A ɗaki muka fara gwada ɗaukar muryar, Jibo ya kasa. Ya ce shi bai taɓa yi wa bango shela ba. Washegari bayan sallar asuba muka yi nisa bayan gari, inda ba kowa, ya sha zumarsa, ya rataya ganga, ya fuskanci gonaki kamar mutane ne a tsaye. Ya buga. Da ya buɗe baki, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Jibon da ne, cif. Ya gai da jama'a a madadin mai gari, ya kira manoma, ya kira makiyaya, ya ce Asabar, ya sake cewa Asabar, ya ja kunnen kowa, ya rufe da addu'ar zaman lafiya. Yana gamawa ya dafe wuya ya tsuguna yana tari. Tun daga ranar ko ta safen ma ba ta sake leƙowa ba. Abin da ya rage na muryar Jibo a duniya yana cikin aljihuna.

Muka nufi Dungas wurin Khalil mai turi, wanda ke zuba wa mutane waƙoƙi da wa'azi a memori. Da na ce faifai muke so, sai ya dube ni kamar na ce ya sayar mini da kwabo mai huji.

"Baba, wa ke sede yanzu?"

"Motar Muttaƙa," na ce.

Ya tona ƙarƙashin tebur ya zaƙulo guda biyu, su ke nan suka rage masa. Ya jawo muryar daga wayata, ya zuba a na farko, ya kunna a ordinatar ɗinsa, wato kwamfuta. Ganga ta tashi a shagon, Jibo ya washe baki. Muka kwasa sai tasha. Muttaƙa ya goge faifan da gefen rigarsa, ya yi bismilla, ya tura. Rediyon ya haɗiye, ya yi 'yan gurnani, ya rubuto wani abu da boko, ya tofo shi waje. Aka sake turawa, ya sake tofowa. Muttaƙa ya hura masa iska, ya ɗan mari gefen rediyon, duk a banza.

"Faifanku ne ba kyau," in ji Muttaƙa. Ya ɗauko wani tsohon faifan wa'azi duk ya kakkarce, ya tura, nan take malam ya kama faɗa a saman mota har kaji suka watse.

Muka koma wa Khalil. Ya ce, "Baba, a gabanku ya yi a ordinatar."

Jibo ya jawo kunnena ya raɗa, ni kuma na isar: "Ya ce a shagonka Fulani za su taru su ji?"

Khalil ya rufe shago ya biyo mu tasha, shi da Muttaƙa suka kama. Wannan ya ce rediyo ya tsufa, wancan ya ce mai turi bai iya aikinsa ba. Mutane suka taru, kowa ya zama makanike. Wani ya ce a wanke faifan da sabulu. Wani ya ce a sa shi a inuwa ya huce. Jibo yana tsaye a tsakiya, ana ta musu a kan muryarsa, shi kaɗai ne ba ya iya sa baki. Can Khalil ya leƙa goshin rediyon ya ga wasu haruffa, ya ce, "Wala! Ga matsalar. Wani irin sauti yake ci, em-pe-turwa. Naku ba em-pe-turwa ba ne. Ku ba ni minti kaɗan."

Abin da ya yi, daga baya na gane, suna kawai ya sauya wa abin. Ya goge wutsiyar sunan da waya ta sa, ya rubuta em-pe-turwa, ya zuba a faifansa na ƙarshe. Wato ka ɗauko jaki ka ce daga yau sunansa doki, ka kai shi sukuwa. Wannan karon rediyon bai tofo ba. Ya haɗiye, ya yi shiru, sai ga sunan Jibo ya fito a fuskarsa da koren haske. Muttaƙa ya yi tsalle ya ce, "Baba, ya san ka!" Muka kasa kunne. Lambobi suna tafiya, lasifika tana huci, ko tari babu. Jibo ya kai kunnensa jikin ƙofar motar kamar zai jiyo kansa a ciki. Ni dai na fita na zagi rediyon, na zagi wanda ya ƙera shi, na zagi wanda ya sayo shi, Muttaƙa yana ji.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne murya tana nan. In na danna wayata, ga Jibo, lafiyayye, amma ƙaramin sauti, ko rumfa biyu ba zai ƙetare ba. Ga lasifika a saman mota, wadda ake ji har bakin rijiya. Tsakaninsu bai fi taku ɗaya ba, amma wai ba sa jin yaren juna. Na ce da Jibo ko mu ari ta Sule mu kara wayar a bakinta. Ya dube ni, ya raɗa cewa gara ya mutu bebe.

Kwanaki suka tafi a neman faifan da ba a zuba komai a kansa ba. Dungas babu. Wani ya ce Sassumbrum, aka aika, aka dawo hannu biyu. Ranar Litinin, ana gobe kasuwa, Muttaƙa ya kwashe mu zuwa Magariya. Bayan yawo har ƙafata ta kumbura, aka nuna mana wani shago kusa da ofisoshin hukuma inda ake buga wa mutane takardu. Mai shagon, Madam Rukaiya, tana da sauran faifai a wata durowa. Ta saurari labarinmu tana buga takardar wani, ta karɓi wayata ta duba.

"Baba, waya da irin nata sautin take ɗauka," ta ce. "Rediyon mota irin wannan bai san shi ba. Ba suna za a sauya ba, juya shi za a yi gaba ɗaya ya koma em-pe-turwa na gaske. Kamar dai hatsi ne, sai an niƙa kafin a tuƙa."

"To niƙa mana, 'yata," na ce.

Ta haɗa wayar da ordinatar, ta ce sai ta sauko da abin juyawar tukuna. Yana cikin saukowa, kamar da gayya, kuran ya ɗauke, ba wuta. Fanka ta tsaya, fuskar ordinatar ta yi baƙi. Muka zauna a benci muna jira. La'asar ta yi, rana ta yi ja, wuta ba ta dawo ba. Madam ta ce ita za ta tashi, mu bar wayar a nan, in wuta ta zo da safe za ta gama kafin mu iso. Na dubi Jibo. Mutumin da bai taɓa kwana a waje ana gobe shela ba, ya gyaɗa kai. Muka kwana a zauren wani ɗan'uwan Muttaƙa. Wayar Muttaƙa ta yi ta ƙara da yamman nan, yana dubawa yana mayarwa aljihu, wai shi ba ya ɗaukar lambar da bai sani ba, masu ba da saƙo sun ishe shi.

Da safe wuta ta zo. Madam ta miƙo mana faifai da wayata, wadda batirinta ya mutu murus. Muttaƙa ya tura faifan, ni har na juya baya don kada in ga an sake tofowa. Sai ganga ta tashi. Sannan murya. Mutanen da ke layin takardu suka waiwaya, wani mai shayi a tsallaken titi ya miƙe tsaye. Jibo ya kama murfin ƙofar motar da hannu biyu, hawaye na bin gemunsa. Na ce masa, "Bawana, ashe haka ka daɗe kana cutar mu." Ya kai mini duka yana dariyar da ba sauti.

Ba mu bi ta gida ba, rana ta riga ta ɗaga, kasuwa ta fara cika. Tun daga bakin gari Muttaƙa ya ƙure sauti. Mata suka fito ƙofar gida. Masu jakuna suka ja gefe. Da muka iso rumfata Jibo ya ce a sauke shi, yana so ya tsaya cikin mutane ya ji kansa yadda suke jinsa, abin da bai taɓa samu ba a rayuwarsa. Motar ta ci gaba a hankali, ta ratsa 'yan hatsi, ta nufi kara inda makiyaya suke, faifan yana ƙarewa yana sake farawa. Asabar, jama'a, Asabar. Mutane suna zuwa suna yi wa Jibo barka, yana amsawa da kai. Na hango Sule a kan babur ɗinsa a gindin bishiyar bedi, lasifikarsa rataye a kafaɗa, ya yi tagumi.

Ina cikin kwance huhun goro sai ga Gaji, ɗan aiken mai gari, a guje, hularsa a hannu.

"Jibo! Ina ka shiga tun jiya? Mun nema, mun buga waya, mun aika gidanka! An ɗaga ranar! Waken arewacin gari bai bushe ba, hukuma ta ce sai Asabar ta sama. Mai gari yana ta jiranka ya faɗa maka da bakinsa!"

Jibo bai tsaya jin ƙarshen ba. Ya kutsa cikin kasuwa yana bin motar, tsoho da shi, yana ture mutane, yana ɗaga hannuwa. Na ga bakinsa a buɗe, jijiyoyin wuyansa sun tashi, babu abin da ke fita. Muttaƙa ya hango shi a madubi, ya ɗauka murna ce, ya danna masa oda fiim-fiim ya ƙara gaba. Na bar gorona na bi su ina ihu, an ɗaga, an ɗaga! Wa zai ji mai goro alhali Jibo yana magana? Kafin mu cim ma motar ta zagaye kara kaf. Na zura hannu ta taga na kashe rediyon da kaina.

Na hau kan wani turmi na faɗi gyaran da iya ƙarfina, Gaji ma ya faɗa. Ardo Dikko, babban makiyayan wajenmu, ya jingina da sandarsa ya saurare mu har muka gama, sannan ya ce, "Mai goro, mun ji ka. Amma mu kunnenmu ya ji Jibo, ya ce Asabar, ya kuma maimaita. Duk shekara manoma sai sun nemi ƙari. In an sauya, shi ya faɗa." Wasu samarin Fulani tuni sun fara kwance baburansu za su kai labari rugage.

Duk ido ya koma kan Jibo. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi motar, ya dubi samarin nan. Ko ya raɗa wa Ardo, mutum ɗaya ne ya ji, kasuwa kuwa ta riga ta ji Asabar. Na san abin da ke ransa, kuma na so in ce masa kada ya yi, mu nemi wata dabara, amma dabarata ce ta kawo mu nan, kuma babu lokaci. Ya juya, mutane suka buɗa masa hanya, ya taka har gindin bedi. Ya kama hannun rigar Sule ya jawo shi tsakiyar kara, ya tsai da shi inda shi yake tsayawa duk shekara. Ya cire gangar daga kafaɗarsa ya rataya masa.

Sule ya rikice, ya ɗaga lasifika zai fara da sauri irin tasa. Jibo ya dafa kafaɗarsa ya tsai da shi, ya kai baki kunnensa. Sule ya saurara, ya faɗa. Jibo ya sake raɗawa, Sule ya sake faɗa, gaisuwar mai gari tukuna, sannan manoma, sannan makiyaya, kalma bayan kalma, Jibo yana gyaɗa wa Ardo kai a kan kowace. Samarin suka kashe baburansu.

Ban tsaya jin ƙarshenta ba. Na koma rumfata na tarar awaki sun shiga gorona, ban ko kore su ba.